Warƙar Ƙarshe Tana Bilbis

Tun ranar da na dawo ban samu na ci tuwo da zafinsa ba. In na gangara bakin gulbi, Jaɓɓi ya tare ni. In na juyo gida, Ɗantani na zaune a zaurenmu yana jira. "Nomau, yaya Gusau? Yaya Tsafe? Wai da gaske ka ga mutum mai karatu daga hagu?" In na buɗe baki kuma su ce ƙarya nake yi. Shi ya sa na samo takarda na zauna rubutu, don na lura a nan Bungudu magana in ta hau takarda ana jin nauyin ƙaryata ta. Na yi alkawari ba zan ƙara gishiri ba, sai inda na ga miyar ta yi lami.

Kun san Baba Tsoho, mahaifin babana. Kun kuma san tun bara idanunsa suka rufe. Abin da ba ku sani ba shi ne, tun daga lokacin ya juya fuska ga bango. Mutumin da a da ko ana gobara sai ya kai ƙarshen layi kafin ya ɗaga kai, ya koma ba ya magana. Inna ta kai masa tuwo, ta ɗauko tuwo.

Wata safiya ya kira ni. "Kai, maƙaryaci, taho nan."

"Ga ni, tsoho. An tashi daga jayayya da bangon?"

Bai yi dariya ba. Ya laluba ƙarƙashin buzunsa ya jawo wata tsohuwar gafaka. Littafin da ke ciki na san shi, na ajami ne, gara ta cinye farkonsa har ba a san sunansa ba. Labarin wani saurayi ne da uwarsa ta aika ya nemo ƙanensa da ya ɓata. Ya bi gari ya bi gari, ya sha wuya, har aka nuna masa wani gida. Ya tsaya a ƙofa ya yi sallama, aka amsa daga ciki. Nan takarda ta ƙare.

Ga waɗanda ba sa leƙa zauren malamai: littattafanmu warƙa-warƙa suke, ba a ɗinke ba. Mai littafi in zai ba ka aro, sai ya zare warƙar ƙarshe ya ajiye, don ya san ƙarshen zai jawo ka ka dawo masa da kayansa. Baba Tsoho ya ari wannan a Gusau tun kafin zuwan Nasara, a hannun wani malami baƙo. Da ya koma mayarwa bayan damina, ya tarar malamin ya tashi, ba wanda ya san inda ya nufa.

"Littahin ga ba nawa ne ba," in ji shi. "Ka nemi mai shi, ko ɗiyanai, ka mai da musu. Ka amso min warƙar ƙarshe, in ji yadda yaƙ ƙare, in huta. Kuma takarda za ka kawo min. Bakinka ban yarda da shi ba."

Ina fitowa Inna ta ja ni bayan rumbu. Idonta ya yi ja.

"Ka ji abin da ya ce? In huta. Abin da ke riƙe da shi ke nan, Nomau. Ran da ya ji ƙarshen nan, sakin jiki zai yi."

"To in ƙi nemowa?"

"Ban ce ba."

"In nemo?"

"Shi ma ban ce ba." Ta cusa mini hoce na guzuri a jaka ta juya.

Haka na bar gida da aike biyu masu kallon gabas da yamma. Babana girbi ya riƙe shi, sai aka haɗa ni da Kawu Labbo, ƙanin Inna na Rawayya, wanda ke kai taba kasuwar Tsafe a kan jaki. Jakin nan ina zaton ya girmi Baba Tsoho, kuma ya fi shi taurin kai.

Masifa ta farko a gulbi ta same ni. Ruwa bai gama janyewa ba, ya kai ƙirji. Na tuɓe wando na naɗe, na ɗora gafaka a ka, na ɗora wandon a kan gafaka. Muna tsakiya jaki ya tuna da wani abu da ya manta a Bungudu, ya juya. Na kai hannu ɗaya ga igiya, ɗaya ga littafi. Hannu na uku ne ban da shi. In kun ji labarin wani a Sakkwato sanye da wando mai faci a gwiwar hagu, ku gaishe shi, nawa ne. Da mayafin Kawu na shiga Gusau, ina tafiya kamar sabuwar amarya.

Muka sauka gidan Malam Anaruwa, abokin karatun Baba Tsoho, wani dogon tsoho da bai taɓa yin murmushi ba tun da aka yaye shi. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, ya tsuke fuska.

"Tatsuniya! Mutum na bakin kabari shina biɗar tatsuniya? Ka kai mishi littahin tsarki da salla. In ya ƙare, ga na rabon gado. In kuma labari yaka so, ga tarihin sarakuna da yaƙoƙinsu, wanga aƙalla ya faru."

Na ce to. Na buɗe littafin don in nuna masa hannun marubucin, na fara karanta wurin da saurayin ya kwana a gidan wani mahauci. Ban kai rabin layi ba Malam ya ƙarasa mini. Na tsallaka gaba, ya sake ƙarasawa. Ashe yana da nasa, da hannunsa ya kwafa daga na Baba Tsoho tun suna samari, shi ma a bakin ƙofar nan ya tsaya.

"To Malam, wa ya amsa sallamar?"

"Mala'ikan mutuwa mana. Wa zai amsa in ba shi ba?" Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "In ka samo, ka biyo ta nan."

Shi ya ce mini daga baya ya ji an ce malamin nan baƙo wajen Tsafe ya nufa, in na je in tambayi wata tsohuwa, Modibbo Hajo, ta san gidan duk wanda ya taɓa riƙe alƙalami a ƙasar.

Kafin mu wuce, Kawu ya ja ni Sabon Gari, inda wata Bayarabiya ke sayen tabarsa. Jaɓɓi, ka ce in gaya maka abincinsu. Wani abu ne kamar tuwo, na rogo, ba a tauna shi. Miyar kuwa ja wur. Loma ɗaya na yi, na ga kakannina har na bakwai, suka tambaye ni ina wandona. Matar ta yi ta dariya tana ƙara mini, don a wajensu hawaye alamar an ji daɗi ne, ko kuwa haka na fahimta.

A gidan nan na ga mai karatu daga hagu. Ƙanenta ne, akawu, ya zo daga Ikko saboda hanyar jirgin ƙasa da ake cewa tana tahowa. Hausarsa a karkace take amma ana ganewa. Yana da littattafai cike da akwati, kowanne a ɗinke tsaf kamar bakin buhu. Na ɗauki ɗaya na jijjiga, ko warƙa ɗaya ba ta faɗo ba.

Na ce, "To in za ka ba da aro, yaya kake cire ta ƙarshe?"

"Ba a cirewa."

"To me ke sa a dawo maka da shi?"

Ya yi ɗan tunani. "Ba a dawo mini da shi."

Na tausaya masa ƙwarai. Mutum da takalmi da agogo, amma an bar shi ba dabara. Shi ma ya ba ni tasa shawarar. Ya ce in kai wa tsoho littafin ƙasashe, ya nuna mini zanen duniya a ciki, wai kamar kabewa take, ruwa ya fi ƙasa yawa. Na nemi Bungudu ban gani ba, sai na san littafin bai cika ba, ko da yake a ɗinke yake. Na ba shi labarin saurayin, na tambaye shi wa ya amsa sallama. Ya ce a nasu littattafan, in aka buɗe ƙofa a ƙarshe, ko aure ake samu ko gado.

Daga Gusau hanya ta miƙe, dutsen Kwatarkwashi na gabanmu ya ƙi matsowa. Gaba da shi, inda aka ce ƙasar Tsafe ta fara, akwai wani dogari zaune gindin tsamiya yana duba kayan fatake. Gemunsa ya kai cibiya. Ya soka sanda a mangalar Kawu, ya ɗebi taba don ya tabbatar taba ce, sannan ya nuna gafakata.

"Mi ag ga ciki?"

"Littafi ne, ranka ya daɗe."

"Buɗe."

Iska na kaɗawa sosai, na san in aka kwance igiyar nan sai mu tsinci warƙoƙi a Katsina. Na ce, "Sai dai kai ka buɗe da hannunka. Amma mutum na ƙarshe da ya buɗe shi ba alwala, kafin la'asar gemunsa ya zube. Ga shi nan." Na nuna Kawu, wanda Allah bai ba shi ko gashi ɗaya a haɓa ba.

Dogari ya dubi Kawu, ya shafa gemunsa, ya ce mu wuce Allah ya kiyaye hanya. Kawu bai yi mini magana ba har Tsafe.

Mutanen Tsafe suna da wata al'ada: ba sa tambayar baƙo abin da ya kawo shi sai ya sha hura. Mu a Bungudu tun mutum na kwance takalmi mun san sunan kakarsa. Modibbo Hajo Bafillata ce, ƙanƙanuwa, tana karantar da matan aure a tsakar gidanta da rana. Ta sa aka dama mini hura da nonon da ban taɓa shan irinsa ba, ta bar ni na shanye, na lashe ludayi, sannan ta ce, "To, ɗan nan."

Ban san abin da ya sa ba, ita kaɗai na gaya wa maganar Inna. Wataƙila hurar ce. Na ce mata ina tsoron in samu abin da nake nema.

Ta daɗe tana juya carbi. Ta ce, "Tun da idonai sunka rufe, wa ke karanta mishi?"

"Bai taɓa cewa a karanta masa ba."

"Ba ya cewa. Wanda ya saba a zo gabanshi da allo, da wane baki zai roƙi jikanai?"

Tun daga Bungudu kowa na gaya mini littafin da ya kamata Baba Tsoho ya ji, wannan ya ce na ibada, wancan ya ce na ƙasashe. Ba wanda ya tambayi bakin da zai karanta sai ita. Tata shawarar waƙa ce. Ta ce makaho waƙa ta fi zama da shi, don in ya hardace, yana iya juya ta a ransa ko ba kowa kusa. Ta rera mini baiti kaɗan na wata waƙar wa'azi da murya kamar zare, har matan da ke daka suka tsaya.

Na tambaye ta wa ya amsa sallamar. Ta ce ita ba ta yin ƙarshen labarin wani. Amma ta san wani gida a Bilbis da ke da warƙa ɗaya tal, marar kai marar jiki, suna ajiye da ita tun zamanin mahaifinsu.

Na bar Kawu da tabarsa a kasuwa na bi masu komawa Bilbis a ƙafa. Ina tafe ina fatan a ce gidan ya ƙone, ina kuma istigfari. A gona na sami maigidan, Malam Ɗanbaba, yana ɗaurin dawa, mutum mai furfura da faɗin kafaɗa. Na gaishe shi, na kwance gafaka a inuwar dami, na miƙa masa warƙar farko cikin waɗanda gara ta bari. Ya goge hannu a riga ya karɓa.

"Hannun babana ne," ya ce.

A tsaye ya karanta ta. Ya miƙo hannu na ba shi ta biyu. Ya zauna a kan dami. Rana ta take, 'ya'yansa suna kiransa, bai ji ba. Can ya buga cinya.

"Ashe ƙanenai yaka nema! Tun ina yaro nike karanta ƙarshen ga, na hardace shi kamar sunana, ban san ko su wa ne ba. Na tambayi tsoho, yac ce in jira mai aro ya dawo. Har ya rasu shina cewa mutumin Bungudu ba ya cin amana, hanya ce ta ɓace mishi."

Na riƙe maganar nan da kyau, don na san wanda zan kai wa ita.

A gida ya ciro warƙar daga wata 'yar jakar fata. Ta fi sauran haske, don ba ta sha hannu ba. Ya ce in tafi da ita, shi zai riƙe jikin, in tsoho ya ji a dawo masa da ita. Na karanta ta mana, tun ban fita zauren ba. Amma ku jira, Baba Tsoho ya fi ku daɗewa yana jira.

Sannan ya buɗe adakar mahaifinsa ya ce in zaɓi littafi ɗaya, tukuicin amana. Na bi su da hannu ina auna kauri kamar mai sayen rago. Wanda ya fi kowanne nauyi labarin wani mahajjaci ne da ya tafi a ƙasa, ya rubuta duk abin da ya gani a hanya. Malam Ɗanbaba ya haɗa shi duka ya fara ɗaurewa.

Na ce, "Malam, ba ka cire ta ƙarshen ba."

"Haba, ɗana. Bayan abin da kunka yi? Kyauta ce, tahi da shi duka."

"Don Allah ka cire."

Ya dube ni. Ban san abin da ya gani ba, amma ya kwance igiya, ya zare warƙar ƙasa, ya sa ta a 'yar jakar fatar nan da ta zama wofi.

Komowa ba ta da labari, sai dai dogari ya gan mu daga nesa ya juya baya, kuma Malam Anaruwa ya karanta warƙar a Gusau ya ja tsaki, ya sake karantawa, sannan ya ba ni aron tarihin sarakuna. Shi ba sai an roƙe shi ya cire ta ƙarshe ba. Modibbo kuwa ta sa wata ɗalibarta ta rubuta mini rabin waƙar.

Da hantsi muka iso. Baba Tsoho ya ƙara ramewa, wuyansa kamar na tulu. Na gaya masa abin da mai littafin ya faɗa a kansa kafin ya rasu. Sannan ya miƙo hannu, na sa masa warƙar. Ya shafa ta, ya shinshina, ya lanƙwasa gefenta ya ji ƙarar takardar.

"Ita ce. Karanta. In ka ƙara ko wasali ɗaya, ina ganewa."

Inna na tsaye bakin ƙofa da akushi. Na karanta.

Wata tsohuwa ce ta amsa sallamar. Ta leƙo ta ce wa saurayin, ai yaron da kake nema ya tashi tun bara, ya ce kewar uwarsa yake ji. Saurayi ya juya ya kama hanyar gida. Ya iske ƙanensa zaune kusa da uwarsu yana cin tuwo. Ƙanen ya matsa masa, ya wanke hannu ya sa. Daga nan sai addu'ar marubuci.

"Sai mi?" in ji Baba Tsoho.

"Shi ke nan."

"Shi ke nan?"

"Wallahi, Baba. Ka ga dai da ni na ƙirƙira, da akwai zaki."

Sai ya fashe da dariya, irin wadda ban ji ba tun yana gani, har tari ya sarƙe shi. "Rabin rayuwata ina tsaye bakin ƙofar ga, ashe ja'irin shina gida shina cin tuwo!" Ya share ido. Dariyar ta sauka a hankali. Ya miƙo mini warƙar ya ce, "To, alhamdu lillahi. Na ji." Ya gyara kwanciya, ya juya fuska ga bango.

Inna ta ajiye akushi a ƙasa.

Ban tashi ba. Na jawo littafin mahajjacin, na kwance, na fara karantawa da ƙarfi kamar don kaina nake yi. Yadda ya sayar da gonarsa, yadda ya yi sallama da matarsa, yadda raƙuminsa ya gudu da guzuri tun a zangon farko.

"Hita min daga ɗaki da surutu."

Na ci gaba. Mahajjaci ya bi sawun raƙumi har wani ƙauye, ya tarar ana shari'a a kansa.

"Sannu-sannu, kai! Wa ya biyo ka? Maimaita wurin alƙalin."

Na maimaita. Ya juyo. Ya miƙo hannu ya lalubi littafin, ya auna kaurinsa tsakanin yatsu, ya daɗe yana aunawa.

"Wanga ba ni kai ƙarshenshi. Ɗauko ta ƙasa ka karanta min, in ji ko ya isa Makka."

"Tana Bilbis."

"Mi kac ce?"

"Aro ne, Baba. Ka fi ni sanin al'ada. Sai mun gama wannan a mayar, sannan a ba mu. Akwai kuma na Malam Anaruwa, tasa tana Gusau. Ga rabin waƙa, sauran na Tsafe."

"Ɗan banzan yaro. Kai ka sa anka cire."

"Ni? Yaushe aka fara yarda da bakina?"

Yatsunsa na kan takarda, suna bin gefenta sama da ƙasa.

"Da irin karatun ga naka na kunkuru, sai yaushe?"

"In an yi sauri, sai an yi shuka."

Ya ja tsaki mai tsawo. Ya dafa kafaɗata ya tashi zaune, ya juya kai wajen ƙofa.

"Ke, uwar maƙaryacin ga. Tuwon nan ya huce?"

Jaɓɓi, Ɗantani, abin da na gano ke nan. Ku daina zuwa nemana da hantsi. Jiya muka bar mahajjaci a bakin wani kogi ba jirgin fito, kuma tsoho ba ya son a makara.